Kwalbar "Wayin" a Teburin Biki: Karanta Bayanta Kafin Ki Biya

Tambaya: Ni ce ƙanwar uwar amarya, daga Roni nake, kuma ni aka ɗora wa sayen abin sha na kamu da walima. Ƙawayen amarya sun dage sai an jera musu irin dogayen kwalaben nan masu kumfa da suke kira wayin, mahaifinta kuwa ya ce bai yarda a shigo masa da abin da bai san asalinsa ba. Shin akwai giya a ciki? In babu, ta yaya zan gane mai kyau?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Mahaifin amarya yana da gaskiya, kuma ƙawayen nata ba su nemi abin da ya gagara ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, abubuwa uku ne mabambanta ake zubawa a kwalba iri ɗaya: doguwa, mai kauri, wuyanta naɗe da takardar gwal, murfinta ɗaure da waya. Daga nesa ko ɗan kanti ba zai raba miki su ba.

Na farko ruwan inabi ne, ko na tuffa, wanda aka matse, aka tace, aka dafa shi kaɗan don kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka ɗura masa iskar gas irin wadda ke cikin lemon kwalba. Wannan bai taɓa tsimuwa ba. Shi ne akasarin abin da ake gani a kantunan Kazaure da Kano da sunaye irin su Eva, Veleta, Pure Heaven da Chamdor, kuma shi 'yan matan ke nufi. Na biyu giya ce ta sosai, wadda aka bar yis ya cinye sukarin inabin ya mayar da shi barasa, kumfarta ma daga wannan tsimuwar take fitowa. Shamfen, wadda ta samo sunanta daga yankin da ake yin ta a arewa maso gabashin Faransa, da Prosecco ta Italiya, da Cava ta Sifen, duk nan suke, kuma barasar da ke cikinsu tana kai kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari ko sama da haka kaɗan. Jigawa ta kama shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ba a sayar da irin wannan a fili a garuruwanmu, amma kwalba takan ɓato a cikin kwandon kyauta da aka aiko daga Abuja ko Legas, ko cikin kayan da aka saro ba a duba ba.

Na uku shi ya fi ruɗa mutane, kuma a kansa nake so ki fi sa ido. Giya ce aka yi ta har ta nuna, daga baya aka sa na'ura ta zuƙe barasar. A dokar Tarayyar Turai, muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, ana iya rubuta cewa an cire mata barasa. Malamai sun yi saɓani a kanta, da yawa ba su yarda da ita ba saboda asalinta giya ce. Tunda ga na farko nan a wadace, ban ga dalilin da zai sa ki kai wa mutane abin da zai jefa su cikin kokwanto a ranar farin ciki ba. Ki bar shi kawai.

Yadda za ki raba su: juya kwalbar ki karanta bayanta. Hoton inabin da ke gaba talla ce. Nemi wurin da aka rubuta lamba tare da alamar % da kalmar "vol" ko "alc". In kin ga 0.0%, kuma a jerin kayan haɗi aka rubuta "grape juice" tare da "carbon dioxide", to na farko ne. In kin ga "dealcoholised" ko "alcohol removed", na uku ne. In lambar ta kai 5, ko 7, ko 12, ajiye ta. Kalmomin "Brut", "Sec" da "Demi-sec" su ma alama ce ta a tsaya a sake dubawa, don a kwalaben giya aka fi samun su. Mutanenmu na Babura da ke bakin iyakar Nijar sukan ci karo da kaya masu rubutun Faransanci: "jus de raisin" ruwan inabi ne, "sans alcool" na nufin babu barasa, amma "vin mousseux" giya ce mai kumfa, haka ma "cidre", wadda mutane kan ɗauka lemon tuffa ne saboda hoton da ke jikinta. Tambarin halal ƙarin natsuwa ne in akwai, amma bai hana ki karanta jerin kayan haɗin ba. Ki tafi kasuwa da ɗalibi ko ɗaliba mai kaifin ido, don rubutun ƙanana ne ƙwarai.

Sai maganar jabu, wadda a ganina ta fi barasar yawan faruwa a nan. Kwalaben nan ana tsince su bayan biki a sayar, kuma akwai masu sake cika su da ruwan sukari da kala da ƙamshi. A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame wata kasuwa a Aba ta jihar Abiya, ta tarar da shaguna da dama da aka mayar wurin haɗa wayin da lemo na jabu. Kayan irin waɗannan wurare babu inda ba sa kaiwa, kuma lokacin bukukuwa suka fi fitowa, gab da Sallah da ƙarshen shekara. Lambar NAFDAC dole ce a jikin kwalba, in babu kada ki saya. Sai dai lambar ma ana iya buga ta ƙarya, don haka ki sa a buɗe katan a gabanki, ki ciro kwalba uku ki jera. Tsayin ruwan ya zo daidai a dukkansu? Takardar wuyan ta kwanta lif, ko ta yamutse kamar an sake naɗa ta da hannu? Wayar murfin tana da tsatsa? Ranar da aka yi da ranar lalacewa da aka buga a kwalba sun yi daidai da na jikin katan? In kin shafa kwanan watan da ɗan yatsa mai danshi ya goge, ko kika ga an manna wata ƙaramar takarda a kansa, akwai magana. Ɗaga kwalbar wajen haske: ruwan ya zama garau, babu gurɓata, babu abin da ke yawo a ƙasa. Duk wanda ya ba ki katan a rabin kuɗin da sauran 'yan kasuwa suka faɗa, ki tuna araha ba ta ado.

Inda aka ajiye kayan ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kazaure da Gwiwa yakan haura digiri 40, kuma kwalbar da ta yi makonni a kan tebur a bakin titi tana shan rana, launinta yakan dushe ya koma kamar na shayi, ɗanɗanonta ya zama na dafaffen sukari, ko da kwananta bai ƙare ba. Ki sayi wadda aka ciro miki daga cikin shago, a cikin katan ɗinta. In da yawa kike so, gara ki je wajen dilolin kasuwar Singa a Kano, ko wani babban kanti da zai ba ki rasit, ki karɓi lambar wayarsu, ku yi magana tun farko cewa katan ɗin da ba a buɗe ba za a iya mayarwa. Kafin ki biya kuɗin katan goma, sayi kwalba ɗaya a buɗe a ɗanɗana.

Nawa za a saya? Kwalbar mililita 750 ce, tana ba da ƙananan kofuna shida. Kusan kowane biki na ga an yi asara a nan: an dire wa kowane tebur kwalba biyu, an buɗe, an sha rabi, gas ya fice, an zubar. Ki ware ta ga teburin amarya da ƙawayenta da na iyaye, sauran jama'a a wadata su da ruwan sanyi da zoɓo da kunun aya. Zoɓo mai citta da kanumfari, in aka tace shi sosai, ya yi sanyi, aka tsiyaya masa ruwan soda a daidai lokacin da za a miƙa, yana ba da kumfa da launin da babu kwalbar da za ta nuna masa kyau, kuma kin san abin da ke ciki tun daga tukunya. Sai dai shi da kunun aya ba sa jure zafi: in kika ga sun fara kumfa da kansu ba a sa musu soda ba, ko jarkar ta kumbura, sun fara tsami ke nan, a zubar.

Ki kula da dattawa. Rashin barasa bai sa abin ya zama magani ba, ko da yake na sha jin ana cewa wai yana ƙara jini. Yawancin irin wannan ruwan yana ɗauke da sukari giram 10 zuwa 16 a kowane mililita 100, wato kwalba ɗaya takan kai giram 75 zuwa 120. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini. Mai ciwon sukari da ya shanye rabin kwalba bayan ya ci alkaki da dubulan, ya ɗora wa jikinsa nauyi. A ajiye wa iyaye ruwa da zoɓon da ba a sa wa sukari ba, a kuma gaya musu wanne ne wanne.

Daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne, kafin a kai Roni kwalaben sun sha girgiza da zafin but ɗin mota. Ki sayo su kwana biyu kafin biki, a ajiye su a tsaye a ɗaki mai inuwa. Ranar taro a sa su a firji na awa uku, in babu wuta a nutsa su cikin kula mai ruwa da ƙanƙara na rabin awa zuwa awa ɗaya. Kada a manta da su a firiza, don ruwa in ya daskare yana faɗaɗa ya fasa kwalba.

Wajen buɗewa kuma ina roƙon ki da ki sa baki, domin samari sun koyi girgiza kwalba a harba murfin sama don a ɗauki bidiyo. Matsin iskar da ke cikin kwalbar shamfen ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku. Na ruwan inabi yakan gaza haka, amma in kwalbar da ɗumi kuma an girgiza ta, murfin yana fita da ƙarfin da zai iya lahanta ido, ga yara cike da wurin. Mutum ɗaya mai natsuwa za a ba aikin. Ya tabbata ta yi sanyi, ya ɗora babban yatsa a kan murfin kafin ya kwance wayar, ya rufa masa tsumma mai tsabta, ya karkatar da kwalbar inda babu fuskar kowa, ya riƙe murfin gam ya riƙa juya kwalbar a hankali har iskar ta fita da ɗan huci. Wadda aka buɗe a shanye ta a ranar, in ta rage a toshe a sa a sanyi, kada ta wuce washegari.

Shi kuwa mahaifin amarya, ki kai masa kwalba ɗaya tun kafin a yi sari, a karanta masa bayanta layi-layi a gabansa, in yana so ya nuna wa limamin unguwarsu. In ya gamsu, sai ki sayo sauran.