Amsoshin Tambayoyinku: Cire Waƙa Daga Jeri a Spotify

Wani mai sauraro daga Kano ya nemi sanin ko waƙar da aka cire daga jerin waƙoƙi a manhajar Spotify ta salwanta ke nan.

Jerin waƙoƙi, wato zaɓin da mutum kan tattara ya tsara yadda yake so, sunayen waƙoƙin kawai yake riƙewa, domin ainihin sautin yana ajiye a rumbun kamfanin, wanda aka kafa a Suwidin a 2006, ya kuma fara aiki a Nijeriya a 2021. Saboda haka idan mai jerin ya taɓa ɗigo uku da ke gefen waƙa ya zaɓi cirewa, daga wannan jerin kaɗai take fita, kuma ana iya nemo ta a mayar. Jerin da kamfanin ya tsara kuwa ba a cire komai daga cikinsa, sai dai a ɓoye waƙar don kada ta riƙa kunnuwa.

Abin da ya fi damun masu sauraro, kuma damuwar tana da dalili, shi ne waƙar da sunanta ya dusashe ta ƙi kunnuwa alhali ba wanda ya taɓa ta. Wannan kan faru ne idan lasisi, wato iznin yaɗa waƙar a wata ƙasa, ya ƙare, ko mai haƙƙin mallaka ya janye ta, kamar yadda mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa a 2022 kafin ya mayar da su a 2024. Jerin da aka goge gaba ɗaya kuwa ana iya dawo da shi daga shafin asusun mutum cikin kwana 90.