Zinariya da Gwal: Tarihin Dukiya a Cikin Kalma

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Agege zai ji ana cewa "zinariya", zai kuma ji ana cewa "gwal". Abu ɗaya ake nufi, amma kowace kalma da hanyar da ta biyo ta shigo Hausa. Wannan muƙala za ta yi tsokaci a kan hanyoyin biyu.

Asalin Kalmomin

Masana sun nuna cewa "zinariya" ta samo asali daga kalmar Larabci "dinar", wato kuɗin zinariya, su kuma Larabawa sun aro ta daga Rumawa. Ta ratso Sahara tare da fatake da malamai, kamar "miskali", ma'aunin zinariya mai nauyin giram huɗu da ɗoriya. Afirka ta Yamma ta daɗe da yin suna a wannan ciniki: a 1324 Mansa Musa na Mali ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira kan hanyarsa ta aikin hajji.

Ita kuwa "gwal" daga Ingilishi take, ta zo da zuwan Turawa. Layin dogo daga Legas ya isa Kano a 1911, kuma cinikin goro ya ja Hausawa da yawa zuwa Agege. A irin wannan cuɗanya kalmomin aro suke samun gindin zama.

Matsayinta a Al'ada

A wajen Bahaushe zinariya adon mata ce, domin Musulunci ya haramta wa maza sanya ta, sai dai zoben azurfa. Masu hali suna sanya sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na gwal a lefe. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Nisabin zakka kuma miskali 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da ɗaya bisa 40 idan shekara ta zagayo.

Bayan ado, gwal asusun mace ne. Darajar naira tana faɗuwa, amma ranar da ciwo ko kuɗin makaranta ya taso, sarƙar nan za a kai kasuwa a auna, a fita kunya.

Kammalawa

Ɗalibin harshe ya riƙa tambayar kowace kalma daga ina ta fito. Sau da yawa tarihin al'umma yana cikin amsar.