Tsohuwar Honda ko Sabuwa: Shawara ga Mai Saye a Sabon Birni da Isa

Matasanmu masu son mota mai gudu sukan yi musu a kan Honda Accord: ta 2003, wadda dillalai ke kira End of Discussion, ko ta 2018 mai turbo. Wanda zai riƙa bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa, ko ya shiga Burkusuma da damina, ni dai tsohuwar zan nuna masa.

Ta 2003 mai silinda huɗu, lita 2.4, sarƙar taimin gare ta, ba bel ba. Bakaniken gari ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a Sakkwato da Kano. Mai silinda shida ta fi ƙarfi, doki 240, amma akwai shan fetur, abin da ba wasa ba ne tun cire tallafi a Mayun 2023. Giyarta ma ta yi ƙaurin suna; gwada ta bayan inji ya yi zafi, ka ji ko tana fizga.

Ta 2018, lita 1.5, doki 192, ta fi tattalin mai. Sai dai ba ta jure gurɓataccen fetur na bumburutu, baƙin mai 0W-20 take so, kuma in ta kunna fitilar gargaɗi sai an kai ta inda ake da kwamfutar bincike. A yankin da tsaro ya taɓarɓare, mutuwar mota a daji da yamma babban haɗari ne.

Dukkansu gajeru ne, don haka leƙa ƙarƙashi ka duba inda ta bugu, sannan ka tantance takardun kwastan kafin ka biya.