DARASIN MAKO: KUƊIN RUWA, JIYA DA YAU

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai na Dutsin-Ma da Kurfi, kafin mu kawo farashin gero da wake, ga darasi a kan masu ba da rance da ruwa. Mu lura, ribar ciniki daban, ribar bashi daban, ko da yake sunan ya zo ɗaya a bakinmu. Ta farko halal ce, ta biyu ƙarshen Suratul Baƙara ya haramta ta.

Abin tsoho ne. Larabawan jahiliyya, in wa'adi ya cika ba a biya ba, sai a ƙara lokaci a ƙara kuɗi. A hajjin ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya soke wannan, ya kuwa fara da ta baffansa Abbas. Can Ingila kuma, wajen 1597, Shakespeare ya rubuta wasan wani mai suna Shylock, wanda ya ba da rancen tsabar zinari 3,000 bisa sharaɗin in an saɓa, zai yanki tsokar jikin wanda ya tsaya. Ƙarshenta shi ya yi asara a gaban shari'a.

Nan gida fa? A 1967 wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna Batagarawa, kan hanyarmu ta Katsina, ta yi bincike kan zaman manoma. Littafinta na 1972 ya ambaci falle da jinginar gona, abin da duk muka sani: rumbu ya ƙare da damina, a ranci dami ɗaya, da kaka a biya fiye da haka. Ba fuskar Shylock ke nan ba?

To mu yi lissafi. Ka karɓi N100,000, ruwa goma bisa ɗari kowane wata. Shekara guda ruwan kaɗai N120,000 ne, uwar kuɗi na nan. In kuwa ruwan ma yana haihuwa, bashin zai haura N313,000. Wace haja ke kawo wannan?

Mafita tana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin, babin ciniki. Akwai salam: a ba manomi kuɗi a hannu, a faɗi irin hatsi, da awo, da ranar kawowa. Akwai ƙirali: wani da jari, wani da ƙarfi, a raba riba yadda aka shirya, in an faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai jari ce. Ga adashi, ga bankin Jaiz da ya fara aiki ba da ruwa ba a 2012.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma dillali, kafin ka tsaya wa mutum, tambayi abin da zai biya ranar biya, a rubuta gaban shaidu. Allah ya tsare mana guminmu, amin. Wassalam.