Karon Ƙunshin Zarra a Cikin Matsanancin Sanyi

Sanannen abu ne cewa zafi yana gaggauta haɗuwar sinadarai, sanyi kuma yana jinkirta ta. Shi ya sa nono ya fi saurin tsami da bazara. Tun a 1889 Arrhenius ya tsara wannan da lissafi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda ƙa'idar nan ta gaza. Kalmomin fannin ba su zauna ba tukuna a Hausa, don haka a nan "ƙunshi" na nufin ƙwayoyin zarra biyu ko fiye da suka ɗauru da juna.

A 1924 de Broglie ya nuna cewa kowace ƙwaya tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma gwargwadon raguwar gudunta, gwargwadon tsawon igiyar. Idan sanyi ya kusa kaiwa matuƙa, watau digiri 273.15 ƙasa da sifiri, igiyar takan ninka girman ƙunshin kansa sau ɗaruruwa. A nan karo ya daina kama da na tsakuwa biyu, ya koma cuɗanyar igiyoyi, dokokin kwantam ne kuma ke hukunci.

An ga haka a fili a 2010, a cibiyar JILA ta Kolorado, Amurka, inda Deborah Jin da Jun Ye da abokan aikinsu suka yi gwaji da ƙunshin fotasiyam da rubidiyam. Tazarar da ke tsakaninsu da matuƙar sanyi ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri guda ba, amma duk da haka ƙunshi biyu na haɗuwa su yi musayar ƙwayoyi, fotasiyam ya bi fotasiyam, rubidiyam ya bi rubidiyam.

Abin lura shi ne saurin. Waɗannan ƙunsa suna cikin jinsin da dokar Pauli ta hana biyu masu hali ɗaya sak su yi karo gaba da gaba. Dole su tunkari juna a karkace, wannan kuwa yana gina wata katanga da ƙarfinsu bai isa ya haura ba. To, yaya suke haɗuwa? Igiyar ce ke ratsa katangar, jefi-jefi. Da masu binciken suka sauya juyin cibiyar zarra a cikin wasunsu, kamar ta ɓace, katangar ta faɗi, haɗuwar ta ninka sauri sau 10 zuwa 100. A ganina wannan ne muhimmin sakamakon: ba a ƙara zafi ko kaɗan ba, hali ɗaya kawai aka taɓa.

Lamarin ba na sha'awa ba ne kurum. Duk ƙunshin da ya haɗu yakan kuɓuce daga tarkon hasken leza, mai bincike ya yi asararsa. Hana karon ne ya zama aiki, kuma ta hanyar kāre su da igiyar maikurowef aka samu, a Jami'ar Kolumbiya a 2024, aka dunƙule ƙunshin sodiyam da siziyam cikin halin kwantam guda.