Yatsa da Allon Mota: Yadda Fata ke Jin Jijjiga

Kowace ranar Alhamis hanyar Gumel zuwa Maigatari takan cika da motoci da garken shanu masu nufar babbar kasuwar dabbobi ta kan iyaka. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan direban da ya kawar da ido na daƙiƙa 2 don ya taɓa allon gaban motarsa ya yi tafiyar mita 50 bai ga hanya ba.

Maɓallan da aka saba da su yatsa na iya lalubo su ba tare da an duba ba. Allon taɓawa kuwa sumul yake. Saboda haka masu ƙera motoci suka sa masa 'yar na'ura mai jijjiga shi idan an danna, domin yatsa ya shaida wa direba cewa umarni ya shiga. Amma wane irin jijjiga ne yatsa zai ji?

Amsar tana cikin fata. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙwayoyin ji da ke haɗe da jijiyoyi. Ƙwayoyin Meissner, waɗanda aka bayyana a 1852, suna kusa da saman fata, suna kuma jin jijjiga mai nawa, kamar sau 10 zuwa 50 a daƙiƙa. Ƙwayoyin Pacini kuwa suna can ciki, siffarsu kamar albasa mai ɓawo a kan ɓawo, kuma sun fi jin jijjiga ta wajen sau 250 a daƙiƙa.

Masana sukan gwada mutane da yawa, suna ƙara ƙarfin jijjiga kaɗan-kaɗan har mutum ya ce ya ji. Daga sakamakon ne ake tsara lissafin da zai yi hasashen abin da yatsa zai ji tun kafin a ƙera allon. A 1988 Bolanowski da abokan aikinsa na Jami'ar Syracuse a Amurka suka nuna cewa fatar tafin hannu tana da kafofin ji guda 4. Lissafin yana kuma dogara da ƙa'idar da Ernst Weber ya kawo a 1834. Alal misali, mai ɗauke da mudun gero zai gane in an ƙara masa dintsi, amma mai ɗauke da buhu ba zai gane ba.

Haka nan yatsan direba yake, domin motar kanta tana girgiza. Jijjiga takan danne 'yar'uwarta idan kafa ɗaya suka bi. Da yake girgizar hanya galibi mai nawa ce, ya fi dacewa a ba allo jijjiga mai sauri wadda za ta bi ta ƙwayoyin Pacini. Bugu da ƙari, tsufa da sanyin fata suna rage kaifin wannan ji. Don haka lissafin da aka gina kan matasa a ɗakin gwaji zai iya gaza dattijon direba da sanyin asuba lokacin hunturu.

Malami na iya gwada wannan a aji. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan tebur, a ajiye waya mai jijjiga, a riƙa nisanta ta har ya daina ji, sai a auna tazarar. Daga nan a maimaita bayan ya tsoma hannu a ruwan randa mai sanyi, a kwatanta tazarar biyu.