Ɓawon Itacen Toshiya da Santsin Jirgin Ruwa

Na sani da waɗansu abokan karatuna sun ga kan wannan magana za su yi dariya, su ce, ina ruwan mutumin Daura da jirgin ruwa? Ai kuwa da gaskiyarsu. Ruwan da ya kai sunan garinmu ko'ina na rijiya ne, watau Kusugu, da guga kuma a ke ɗibansa. Ƙoramunmu sai da damina su ke gudu, in rani ya yi jaki ne ke tafiya cikinsu. Amma zamani ya sake. Tun da aka gina madatsun ruwa na Daberam da Sabke masunta suka sami wurin sana'a, kwalekwale ya zama abin da yaran ƙauyukan wajen ke gani kullum. Har wa yau kuma cikin shekara ta 2019 aka aza harsashin jami'ar koyon sha'anin sufuri a Daura. To, wanda ruwa ya zo masa har ƙofar gida, ya kamata ya nemi sanin halinsa.

Abin da ya sa ni bin diddigin wannan al'amari wani ɗan tsoro ne da na sha lokacin hutu. Muka shiga kwalekwale za mu ƙetare wani ruwa ran kasuwa, mu kamar goma, har da wata tsohuwa mai ƙwaryar fura. Muna tsakiya sai ta miƙe don ta gyara zama. Mai fito ya ce, "Iya, zauna!" Kafin ya rufe baki ƙafarta ta zame, ta faɗa kan na kusa da ita, shi kuma ya jingina da gefe. Sai jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ciki. Na yunƙura zan tashi, mai fito ya daka mini tsawa ya ce, "Kai ɗan makaranta, kada ka motsa!" Allah ya kiyaye, fura kaɗai aka yi hasara. Da muka sauka na shafa cikin jirgin, na ji shi sumul kamar an goga masa sabulu.

Ku lura da abin da ya faru. A tudu in mutum ya zame, shi kaɗai ya faɗi. A cikin kwalekwale kuwa in ya zame, nauyinsa duka ya koma gefe guda farat ɗaya, sauran mutane kuma su firgita su ƙara rinjayar da jirgin. Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana ɗacin hatsarin ruwa. Cikin watan Mayu na 2022, lokacin bukin Salla, jirgi ya kife a ƙasar Mai'aduwa, yara da dama suka rasu. Cikin Nuwamba na 2021 kuma haka ta faru a Bagwai ta ƙasar Kano, yawancin waɗanda suka rasu almajiran Islamiyya ne. Ba na ɗora wa santsi alhakin waɗannan. Galibin irin wannan hasara yawan lodi ne ke kawo ta, da tsufan jirgi, da tafiyar dare. Amma jirgin da aka cika maƙil, bakinsa na kusa da ruwa, ɗan abu kaɗan ya ke jira.

Mene ne santsi? Sa'ad da ka taka busasshen katako, fatar ƙafarka tana kama 'yan gurzaye-gurzayen da ke jikinsa, waɗanda ido ba ya gani. In ruwa ya shiga tsakani, sai ya cike su, ƙafa ta zama kan ruwa ta ke, ba kan katako ba. Balle in gansakuka ta fito, ko yauƙin kifi ya zuba, ko man inji. Matanmu da ke yin daɓe sun san wannan sarai. Daɓen da aka buga da kyau aka sha shi da makuba yana ƙyalli gwanin sha'awa, amma zuba masa ruwa ka taka da gaggawa ka gani.

Turawa masu manyan jirage sun daɗe suna fama da wannan. Daɓen jirginsu, watau shimfiɗar saman da matuƙa ke tafiya a kai, da katakon wani itace su ke yinsa, wai shi tik. Yana da mai cikin jikinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri, in ya jiƙe kuma ƙafa na kama shi. Mafi kyawunsa daga Bama ya ke fitowa, ƙasar da sojojinmu suka yi yaƙi daga 1943 zuwa 1945, wadda yanzu a ke kira Miyanma. Sai dai tsofaffin itatuwan sun yi ƙaranci saboda sara, kuɗinsa ya hau, cikin 2021 kuma ƙasashen Turai suka sa wa cinikin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi. Wannan na cikin abin da ya sa maƙeran jirage suka mai da hankali ga abin da Ingilishi ke kira kok, mu kuwa muka fi saninsa a bakin kwalba, watau toshiya.

Mutane da yawa suna tsammani ƙera toshiya a ke yi kamar roba. A'a, ɓawon itace ne. Itacen yana fitowa a ƙasashen yammacin Bahar Rum, su Fotugal, da Sifen, da Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya. Fotugal kaɗai na fid da wajen rabin abin da duniya ke samu. Abin mamaki game da shi shi ne, ba a sare shi. In ka zagaye maɗaci ko ɗorawa ka ɓare ɓawonsu kaf, ka kashe su. Wannan kuwa a kan tuɓe masa ɓawon waje kamar riga, ya sake yin wani. Sai dai aikin gwanaye ne, da gatari su ke yi a hankali, don in kaifin ya taɓa ɗanyen ɓawon da ke ciki an yi wa itacen rauni. Tsakanin Mayu da Agusta a ke yi, lokacin da ɓawon ke saki da sauƙi.

Ga inda haƙuri ya ke. Ba a taɓa itacen sai ya kai shekara 25. Daga nan doka ta hana a sake ɓarewa sai bayan shekara 9, har su kan rubuta lambar shekarar da fenti a jikinsa don kada a manta. Ɓawon fari da na biyu ba su da laushin da za a yanka toshiyar kwalba mai kyau, sai na uku, sa'ad da itacen ya wuce shekara 40. Yana kuwa iya kai shekara 200 a raye. Ashe ba mu kaɗai ke dasa itace don jikoki ba. Ɓawon da bai isa toshiya ba, da ragowar wanda aka huda, su a ke niƙawa, a kwaɓa da danƙo, a matse, a yanka falle-falle mai kaurin rubu'in inci ko fiye kaɗan. Shi a ke mannawa a daɓen jirgi.

To, me ya sa ba ya santsi? Amsar tana cikin ƙirarsa. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɗan siririn ɓawon nan ya duba da madubin ƙara girma, ya buga abin da ya gani cikin littafinsa a 1665. Ya ga duk jikinsa 'yan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma. Daga nan ne ma aka sami sunan da masana ke kiran ƙwayoyin jikin kowane abu mai rai da shi har yau. Ya yi lissafi ya ce gutsure mai inci ɗaya ta kowane gefe yana da ɗakunan nan sama da miliyan 1,200. Ƙidayar yanzu ta ba da kamar rabin haka, amma ga mutumin da ke aiki da madubin wancan zamani, ai ya yi ƙoƙari. Kowane ɗaki rufe ya ke, cike da iska, bangonsa kuma yana da wani abu mai kama da kaki wanda ke hana ruwa wucewa.

In kun riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Sa'ad da aka yanka ɓawon, ɗakunan da wuƙa ta ratsa sai su zama 'yan ƙoƙuna buɗe, dubu bisa dubu. In ka taka, sai su lotsa ƙarƙashin ƙafarka su kama ta, in ka ɗaga su komo yadda su ke. Jiƙa ba ta raba shi da wannan hali. Iskar da ke ciki ita ce kuma ta sa ba ya da nauyi, don asalin ɓawon bai fi rubu'in nauyin ruwa ba, tik kuwa ya kai kashi biyu cikin uku, ko da ya ke matsattsen ɓawo ya fi asalin nauyi. Ita ce har wa yau ta sa zafi ba ya ratsa shi da sauri. Wanda ya taɓa taka kwanon rufi ko ƙarfen mota ba takalmi cikin watan Afrilu a Daura ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin wannan.

Ba yau masu jirgi suka san shi ba. Jiragen yaƙin Ingila sun yi amfani da wata shimfiɗa da a ke yi da garinsa haɗe da man wani iri. Cikin 1854 kuma Kyaftin Ward, mai duba jiragen ceto na Ingila, ya ɗinka rigar ruwa da guntayensa. A 1861 wani jirgin ceto ya kife a garin Whitby, duk matuƙansa suka halaka sai mutum ɗaya, Henry Freeman, shi kaɗai ke sanye da rigar. Mu ma muna da namu mai kama da wannan, don masuntan Argungu kan gora su ke kwanciya su yi ta yawo bisa ruwa. Iska ce a rufe nan da can.

Amma kada yabo ya yi yawa. Cikin 1904 wuta ta kama wani jirgi mai suna General Slocum a birnin Niyok na Amurka, mutum fiye da 1,000 suka mutu, yawancinsu mata da yara. Rigunan ruwan da ke ciki sun shekara da shekaru a rataye ba mai dubawa, ƙyallen ya ruɓe, ɓawon ya zama gari. Haka shimfiɗar daɓe ma ta ke. In danƙon da aka kwaɓa ta da shi ba nagari ba ne, sai ta riƙa marmashewa. Rana tana kashe mata launi. Tana da laushi, saboda haka abu mai kaifi yana yagarta.

Yanzu sai mu komo gida. Shin ya dace da jiragenmu? A ganina, ga ƙananan jiragen inji na ƙarfe ko na roba mai tauri, irin waɗanda ma'aikatan ruwa da masu ceto ke shiga, ya dace ƙwarai, don daɓensu shimfiɗaɗɗe ne, a kan iya busar da shi a manna. Ga kwalekwale kuwa ban yarda ba. Kwalekwale gungume ne da aka fafe, na maɗaci ko rimi ko maje, ko kuwa allunan da aka harhaɗa. Tsohuwar sana'a ce, don wanda aka gano a Dufuna ta ƙasar Yobe cikin 1987 ya kai wajen shekara 8,000. Cikinsa kwari ne, kullum kuma da ruwa kwance sai an kwarfe. Danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen katako. In ma ya kama a wani wuri ya saki a wani, ruwa ya ɓuya ƙarƙashi ya ci jirgin ba wanda ya gani, maganin ya fi cutar muni ke nan. Ga kuma irin kayan da mu ke lodawa, buhunan hatsi, da itacen wuta, da garma, da babur. Ba za ta yi kasuwa goma ba. Bayan duk wannan, daga ƙetare za a sayo ta, kuɗinta na iya fin na jirgin kansa.

Abin da za mu ɗauka daga ɓawon nan halinsa ne, watau a sa ƙafa ta taka abin da ke kama ta, a kuma raba ta da ruwan da ke kwance. Kafinta na iya buga 'yan siraran alluna jere da tazara tsakaninsu, kamar tsani a kwance, a shimfiɗa cikin jirgin, ruwa ya bi ta ƙasa, da yamma a ciro a shanya. Inda a ke shafa fenti, a barbaɗa rairayi mai tsabta tun bai bushe ba, sa'an nan a sake shafawa, rairayi kuwa ba mu rasa shi a Daura ba. Tabarmar kaba ma ba ta santsi, amma sai an ɗaure ta, in ba haka ba ita da mai takawa za su tafi tare. Gansakuka kuma a kankare ta kowane mako.

Wanda ke so ya gwada da kansa, ba sai ya je Fotugal ba. Kwalaben yanzu yawanci murfin roba ko na ƙarfe gare su, amma allon da a ke soka sanarwa a kai da ƙusa galibi ɓawon nan ne, haka kuma cikin ƙwallon kurket. Ku sami falle guda, da allon da aka goge sumul, da wanda aka yi wa fenti da rairayi, da guntun tabarma. Ku jiƙa su duka. Ku ɗora takalmi da dutse a ciki bisa kowanne, ku riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu sannu har takalmin ya zame, ku auna tsawon ɗagawar da ruler ku rubuta. Sa'an nan ku shafa ɗan sabulu a madadin yauƙin kifi ku sake. Takalmi ɗaya za ku yi amfani da shi a gwajin duka, dutsen ma kada a sake shi.